Satar Da Ba Ta Rage Rumbu

Kowa ya san sata. Idan mutum ya kwana da awaki uku a turke, gari ya waye ya tarar da biyu, ba ya bukatar malami ya gaya masa an yi masa sata, gama ga igiya nan a yashe. Haka kuma wanda aka fasa wa rumbu aka ɗebi dawa, in ya leƙa zai ga ta ragu. Tun zamanin kakanni abin da ake kira sata ke nan, watau abin da ya fita daga hannun wannan shi ne ya shiga hannun wancan.

Amma zamani ya zo da wata irin ɗauka wadda ta rikita masu hankali. Mutum ya wallafa littafi, wani ya ɗauki hotonsa shafi shafi ya ɗora a intanet, mutum dubu ɗari suka karanta ba su biya ko anini ba, alhali kuwa littafin yana nan a hannun mai shi, ko shafi guda bai ɓace ba. To, wannan sata ce ko kuwa ba sata ba ce? In sata ce, me aka sace? In kuwa ba sata ba ce, don me mai littafin yake kuka? Ƙasar Japan tana cikin ƙasashen da wannan magana ta fi damu, ta kai har gaban alƙalai da majalisa, saboda haka a can ya kamata a dube ta.

Sana'ar Zane a Japan

Japanawa suna da wasu littattafai da suke kira manga, watau labari ne da ake bayarwa cikin zane, hoto yana bin hoto, maganar mutanen labarin kuwa a rubuce kusa da bakinsu. Yara suna karantawa, manya ma suna karantawa. Idan aka ɗauki irin wannan zane aka sa shi yana motsi kamar majigi, har da murya da kiɗa, shi suke kira anime. Wani mashahurin mai zane, Osamu Tezuka, shi ya fitar da labarinsa mai suna Tetsuwan Atomu a talabijin cikin 1963, daga nan sana'ar ta yi ta bunƙasa har ta zama abin da Japan take fitarwa ƙasashen waje kamar yadda take fitar da motoci. Labarin One Piece, wanda Eiichiro Oda ya fara cikin 1997, an buga littattafansa fiye da miliyan 500.

Kada mai karatu ya ga waɗannan miliyoyi ya zaci kowane mai zane attajiri ne. Wanda yake zana wa mujallar mako-mako dole ya gama shafi wajen 19 ko 20 kowane mako, ba fashi, ko yana da lafiya ko ba shi da ita. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya ɗauki mataimaka, kuma galibi daga aljihunsa yake biyansu. Kuɗin da mujallar take ba shi a kan kowane shafi sau da yawa a nan yake ƙarewa. Inda yake sa ran samun na kansa shi ne sa'ad da aka tara babi-babin labarin aka buga su littafi guda, gama a kan ba shi wajen ushiri na kuɗin kowane littafi da aka sayar. Labarin da ba ya samun kasuwa kuwa, mujallar takan tsayar da shi, mai zanen ya koma neman wani aiki. Ashe ke nan abincinsa, da na mataimakansa, da na iyalinsu, duk a kan cinikin littafin nan suke rataye.

Labarin Mangamura

Cikin 2016 aka buɗe wani shafi a intanet mai suna Mangamura, ma'anarsa ƙauyen manga. An tara littattafai dubbai a ciki, tsofaffi da sababbi, wanda ya so ya shiga da wayarsa ya karanta kyauta. Ba a nemi izinin masu zane ba, ba a kuwa ba su kome ba. Mai shafin ba don Allah yake wannan kyauta ba, gama a gefen kowane shafi akwai tallace-tallace, masu tallan kuwa suna biyansa gwargwadon yawan mutanen da suka shigo. Mutane miliyoyi suka riƙa tururuwa can kowane wata.

Cikin watan Afrilu na 2018 shafin ya rufe. Masu magana sun ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Cikin watan Yuli na 2019 aka kama mai shafin a Manila, babban birnin Filifin, aka komo da shi Japan. Cikin 2021 kotu a birnin Fukuoka ta yanke masa ɗaurin shekara 3 da tarar yen miliyan 10, aka kuma ce ya mayar da wajen yen miliyan 62 na ribar da ya ci. Ba a tsaya nan ba. Kamfanoni uku masu buga littattafai, Kadokawa da Shueisha da Shogakukan, suka yi ƙararsa a Tokiyo, cikin 2024 kotu ta ce ya biya su diyyar wajen yen biliyan 1 da miliyan 700.

A kan wannan mutum ba a yi gardama mai tsawo ba. Wanda ya kwashi gumin wasu ya kafa kasuwa da shi, ya zuba ribar a aljihunsa, kowace shari'a ta san sunansa. Inda maganar take da wuya shi ne miliyoyin nan da suka shiga suka karanta. Yawancinsu mutane ne da ko allura suka tsinta a hanya sai sun yi cigiya. Su ma suna da laifi?

Hujjojin Masu Karatun Kyauta

Hujjarsu ta fari ita ce ba su rage wa kowa kome ba. Sukan ce abin kamar ɗibar wuta ne. Mace takan aiki yarinya maƙwabta ta ɗebo garwashi a kasko, wutar maƙwabta ba ta ragu ba, gida biyu sun sami tuwo. Wannan misali yana da daɗin ji, amma akwai abin da ya ɓoye, gama maƙwabciyar ba sayar da wuta take yi ta ci abinci ba. Misalin da ya fi dacewa shi ne na mai fito. A ce wani ya laɓe cikin jirgi a bayan buhuna, aka haye da shi bai biya ba. In aka kama shi yana iya cewa, ai ko da shi ko ba shi jirgin zai haye, bai kuwa ɓalli ko katako ɗaya ba. Gaskiya ne jirgin bai ragu ba. Amma mai fito ba katako yake sayarwa ba, hayewa yake sayarwa, ita kuwa an karɓa ba a biya ba. In mutum ɗaya ya yi haka, mai fito ba zai ji ba. In rabin jirgin suka yi, sai ya ƙara wa masu gaskiya kuɗi. In duka suka yi, sai ya jingine jirginsa ya koma noma, masu gaskiya da masu laɓewa su taru a bakin kogi babu mai haye da su. Abin da aka sace wa mai zane shi ne ladan aikinsa, lada kuwa ana iya sace shi ba tare da an taɓa rumbu ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farin nauyi. Sukan ce ilmi da hikima ba na mutum ɗaya ba ne. A ƙasar Hausa ma, shekaru aru-aru almajirai suna kwafar littattafan malamai da alƙalami da tawada, ba wanda ya aika neman izinin mawallafi, ba kuwa wanda ya ce sun yi sata. Ta haka ilmi ya yaɗu daga gari zuwa gari, kuma addini ya yi hani ga ɓoye ilmi. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai a lura da abu biyu. Malaman nan ba da cinikin littafi suke ci da iyalinsu ba, suna da gonaki, suna da almajirai masu taya su aiki, jama'a kuma tana kai musu sadaka da zakka. Lada suke nema, kowane kwafi kuwa ƙarin lada ne gare su, saboda haka da yardarsu ake kwafa. Na biyu, mai kwafa da hannu yakan yi wata guda ko fiye kafin ya gama littafi ɗaya, na'ura kuwa tana raba littafi ga mutum dubu kafin a sha ruwa. Mai zanen manga bai yi waƙafi da littafinsa ba, ya fito da shi kasuwa ne ya sa masa kuɗi. Wanda ya ba da abinsa sadaka Allah Ya saka masa, amma ba a tilasta wa mutum sadaka da abin da yake ci da shi.

Malaman fiƙihu na zamani sun duba wannan mas'ala. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne na masu shi, shari'a tana kare shi, bai halatta a keta shi ba. Turawa kuwa tun 1710 Ingila ta yi dokar kare mawallafa, cikin 1886 kuma ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern don kowace ta kare littattafan 'yar'uwarta. Japan ta shiga cikin 1899.

Hujja ta uku ita ce ta talaka da na nesa. Yaro a wata ƙasa mai nisa yana son labarin, ba a sayar da shi a ƙasarsu, ba a fassara shi da harshensu ba, ko kuwa ana sayarwa amma kuɗin littafi ɗaya ya kai abincin gidansu na kwanaki. In ya karanta kyauta, wane ciniki ya hana, tun da dama ba zai saya ba? A nan dole mai adalci ya sassauta. Laifin wannan yaro bai yi kusa da na ma'aikaci mai albashi a Tokiyo ba, wanda kantin littattafai yake bakin ƙofarsa amma ya zaɓi na banza. Duk da haka uzurinsa yana da iyaka. Labarin nishaɗi ba abinci ba ne, ba kuwa magani ba ne, balle a ce larura ta halatta shi. Har wa yau, duk shigar da ya yi shafin ɓarayi ƙarin kuɗin talla ne ga mai shafin, ko da bai fitar da kwabo ba. Ran da hanyar halal ta buɗe masa kuwa, uzurin ya faɗi.

Iyakar Hukuma

Tun da an tabbata akwai zalunci, wajibi ne hukuma ta hana shi. Amma ta wace hanya? A nan Japanawa suka yi wata gardama mai amfani ga kowace ƙasa.

Ran 13 ga Afrilu 2018 Gwamnatin Japan ta nemi kamfanonin da suke haɗa mutane da intanet su toshe hanyar shiga shafuka uku, Mangamura da Anitube da MioMio. Sai lauyoyi da masana shari'a da yawa suka tashi suka ce ba su yarda ba. Ba wai suna goyon bayan ɓarayi ba ne. Hujjarsu ita ce, kafin kamfani ya hana mutum shiga wani shafi, dole ya riƙa duba inda kowane mutum yake nufa, mai laifi da marar laifi. Tsarin mulkin Japan kuwa, wanda ya fara aiki cikin 1947, a sashe na 21 ya hana keta asirin saƙonnin mutane. Abin kamar a ce don ana aika kayan sata ta gidan waya, sai a ba ma'aikata izini su riƙa binciken wasiƙar kowa. Suka kuma ce ƙofar da aka buɗe yau don littafin zane, gobe wani mai mulki yana iya bi ta cikinta ya toshe jaridar da take sukarsa. Aka kafa kwamiti, aka yi ta zama har watan Oktoba na shekarar, aka tashi ba a daidaita ba, dokar toshewa ba ta samu ba a wannan karo.

Cikin 2019 aka kawo wani shirin doka wanda zai sa laifi a kan duk wanda ya sauke kowane irin rubutu ko hoto na sata cikin na'urarsa, kome ƙanƙantarsa. Abin mamaki, masu zanen manga da kansu, waɗanda don su ake shirin dokar, suna cikin waɗanda suka ce ta yi faɗi da yawa. Suka ga za ta mai da mutanen kirki masu laifi saboda hoto guda da suka ajiye don nazari ko tunawa, kada garin gyaran gira a rasa ido. Aka janye shirin aka gyara. Dokar da majalisa ta zartar cikin 2020, wadda wannan sashe nata ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2021, ta ce sai wanda ya sauke abu yana sane na sata ne yake da laifi, ta kuma yafe ɗan guntun da bai taka kara ya karya ba. Ɗauri har shekara 2, ko tara har yen miliyan 2, an ajiye su ne don wanda ya mai da abin ɗabi'a. Wanda ya ɗora kayan satar kuwa, hukuncinsa yana iya kai shekara 10. Wannan shi ne tsarin adalci, a bambanta wanda ya fasa rumbu da wanda ya tsinci tsaba a hanya.

Akwai kuma adalci wajen ƙidayar hasara. Wata ƙungiyar Japan mai suna CODA, wadda take kare kayan fasahar ƙasar a waje, ta ƙiyasta ɓarnar Mangamura cikin wata shida ta kai wajen yen biliyan 320. Masu lura suka ce irin wannan lissafi yana ɗaukar kowane mai karatun kyauta kamar da zai saya ne, alhali da yawansu ba za su saya ba. Hasara dai ta tabbata, gama bayan rufe shafin masu sayar da manga ta intanet sun ba da labarin ciniki ya ƙaru. Amma wanda aka zalunta ma an hore shi da faɗin gaskiya gaban alƙali, kada ya ce raƙumi aka sace masa alhali jaki ne.

Daddawa Ma Da Wari

Kama mutum ɗaya bai kashe sana'ar ba. Da aka rufe Mangamura wasu shafuka suka tsiro, da yawansu ana tafiyar da su daga ƙasashen waje, kamar Biyetnam, inda hannun ɗan sandan Japan ba ya kaiwa. Sai aka koma neman taimakon hukumomin waɗansu ƙasashe. Cikin 2023 'yan sandan Sin suka kama masu wani shafin anime mai suna B9GOOD, a Birazil kuma aka rufe shafuka 36 cikin wannan shekara. Duk da haka in an sare wannan sai wancan ya toho, gama muddin akwai ƙishirwa ba a rasa mai haƙa rijiya ta ɓoye.

Saboda haka masu littattafan suka gane sanda kaɗai ba ta isa ba. Cikin 2019 kamfanin Shueisha ya buɗe shafinsa mai suna MANGA Plus, inda mutanen ƙasashen waje suke karanta sababbin babi kyauta da Turanci da wasu harsuna, a ranar da suka fito a Japan. Shafin Crunchyroll ma, wanda aka kafa a Amurka cikin 2006, da fari cike yake da anime da aka ɗora ba izini. Cikin 2009 ya kwashe su ya koma sayen izini daga masu shi, ya yi ta girma har kamfanin Sony ya saye shi cikin 2021. Wannan ya nuna mutane da yawa ba son sata ne ya kai su can ba, rashin ƙofa ne ya sa su haura katanga.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana kuka da ɓarayi da sunan masu zane, to, kuɗin da aka ƙwato yana kai wa masu zanen? Sanannen abu ne a Japan cewa samarin da suke zana hotunan anime ɗaya bayan ɗaya, dubbai a kowane kashi na fim, da yawansu a kan kowane zane ake biyansu, kuɗin kuwa kaɗan ne ƙwarai, har wasu sukan bar sana'ar tun ba su ƙware ba. In kamfani ya tara riba ya bar su cikin wannan hali, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba ya wanke ɓarawo, gama wanda ya ga ana ƙwarar leburan gona bai taimake shi ba in ya je ya sace amfanin gonar. Amma kamfanin da ya je gaban alƙali yana neman haƙƙinsa, ya kamata ya fara sauke haƙƙin da yake wuyansa.

Abin Da Ya Rage Ga Mai Karatu

Akwai wani abu cikin dokar Japan da ya cancanci tunani. Ta hukunta mai ɗorawa, ta hukunta mai saukewa da gangan, amma wanda ya leƙa shafin sata ya karanta kawai, bai ajiye kome cikin na'urarsa ba, ba ta sa masa hukunci ba. Hukuma ba ta iya tsayawa a kan kowace waya, in kuwa ta gwada, cutar da za ta jawo ta fi wadda take son magancewa. Saboda haka an bar wannan wuri tsakanin mutum da zuciyarsa. Nan ne ake gane mai amana, gama rashin sata a gaban dogari ba abin yabo ba ne.

Maganar ba ta Japan kaɗai ba ce. Masu shirya finafinan Hausa a Kano sun daɗe suna kukan satar fasaha, tun zamanin kaset da faifai har zuwa na tura fim cikin waya, marubuta da mawaƙa ma haka. Duk mai waya a aljihu wannan tambaya takan zo masa, ko ya lura ko bai lura ba. Ma'aunin kuwa ba shi da wuya. Kafin mutum ya karɓi littafi ko fim na kyauta, sai ya tambayi kansa ko mai shi ya yarda, ya kuma tambayi kansa ko da shi ne ya kwana yana aikin zai so a yi masa haka. In akwai hanyar halal da ƙarfinsa ya kai, ita ya kamata ya bi, ko da ta fi tsada kaɗan. In babu, haƙuri da labarin nishaɗi bai taɓa kashe kowa ba. Ya kuwa kiyayi tura wa wasu, domin mai turawa ya tashi daga mai ci ya zama dillalin kayan sata.

Allah Ya ba masu sana'a ladan guminsu, Ya ba masu mulki ikon hana zalunci ba tare da sun yi wani zaluncin ba, Ya kuma tsare kowa daga cin haƙƙin da ba nasa ba, amin.